Asabar ɗin da Na Ajiye Mota

Mansura, Doha

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Ummanki da ƙannenki. Allah Ya tsare mini ku a gida da waje, Ya tsare ki musamman a kan hanyar da kike shirin kamawa. Ni nan lafiyata ƙalau, sai kewarku. Labarin aiki da na gari ki bar shi, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ummanki ta gaya mini kin samu gurbi a jami'a, kuma falsafa aka ba ki, abin da kika nema da kanki. Ta ce Baffanki Sani ya zo har gida ya ce in hana ki, wai karatun nan a hankali yake zare wa yara imani ba su sani ba. Ta ce magana tana hannuna. Na tambaye ta ke me kika ce, ta ce ba ki ce komai ba, kin sunkuyar da kai kin shige ɗaki.

To kar in bar ki da fargaba har ƙarshen takarda: ki je. Na amince, kuma ni zan kira Baffanki in ba shi haƙuri. Ba tafiyar ce ta dame ni ba, shirun nan naki ne. Na san ranar da ya fara, na kuma san wanda ya jawo shi.

Lokacin korona ne, da aka kulle mu a nan, jirgi ba ya tashi, muna zaune a ɗaki muna kallon juna ta saman takunkumi. A makonnin nan kakarki Inna ta rasu a Kano. Ban ɗauki makararta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Ke da kika ci sunanta kika karɓi wayar daga hannun Ummanki, idonki ya kumbura, kika ce, "Baba, in Allah Yana son Inna, me ya sa Ya ɗauke ta ba ka nan? Ai kullum tana roƙonSa ta gan ka." Na daka miki tsawa. Na ce ki yi istigfari, kar in sake jin irin wannan daga bakinki. Kika ce, "To, Baba." Tun daga ranar in na kira gaisuwa ce kawai: ina wuni, ya aiki, Allah Ya taimaka. Ke da a da ba kya bari in haɗiye loma sai kin tambaye ni inda ruwan sama yake kwana.

Tambayar nan tawa ce, Mamana. Tana ƙirjina tun sa'ad da aka gaya mini rasuwar, ina tsoronta, sai kawai na ji ta fito daga bakinki, na huce a kanki. Don haka in wani ya yi miki tambayar da ta tayar miki da hankali, ki fara duba ko ba taki ba ce kafin ki buɗe baki.

Ban gane haka ba sai lokacin Gasar Kofin Duniya. Kamfaninmu ya haɗa ni da wasu tsofaffi biyu daga Ajantina, miji da mata, in riƙa kai su duk inda za su. Shi sunansa Ishaƙu, ɗan kasuwar yadi, gajere, mai yawan barkwanci. Ita Rahila, doguwa, kanta fari fat, tsohuwar malamar falsafa a jami'a. Yahudawa ne. Da na gane haka sai da gabana ya faɗi, don a rayuwata ban taɓa zama da Bayahude ba, sai dai in ji a labarai da wa'azi. Kakannin Ishaƙu mutanen Halab ne ta ƙasar Sham, yana da Larabci irin na tsofaffi, ni kuma ina da na Islamiyya da na titin Doha. In ya ƙare mana mu cika da Turanci.

Muka saba da wuri. Ranar da Saudiyya ta doke ƙasarsu na ce, "Baba Ishaƙu, yau dai addu'ar 'yan'uwana ta fi taka ƙarfi."

Ya ce, "Ai ni ban roƙa ba, ya Lawan. Ina jin kunyar in dami Ubangiji kan ƙwallo. Ita ce ta roƙa, ita kuwa ba ta ma tabbata ana ji ba." Rahila ta kai masa duka da mafici.

Ranar Asabar da hantsi na zo ƙofar otal kamar kullum. Na goge mota, na kunna sanyi, na buɗe masa ƙofa. Sai ya tsaya nesa, hannuwansa a baya, ya ce yau ba zai shiga ba, da ƙafa za su je gidan wasu abokansu cin abinci. Na miƙa masa robar ruwa ya riƙe a hanya, ya ƙi karɓa. Nan take zuciyata ta kwaso mini duk abin da na taɓa ji game da su. Na ce a raina, to yau hali ya fito, ya tuna ni baƙi ne kuma Musulmi, ko zolayar Saudiyya ce bai yafe ba. Na maido ƙofar da ƙarfi har mai gadi ya waiwayo.

Rahila ta matso ta ce, "Lawan, ba kai ba ne, Asabar ce." Ta bayyana mini cewa daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito a yammacin Asabar, mijinta ba ya hawa mota, ba ya kunna wuta, ba ya taɓa waya, ko mabuɗi ba ya sa wa a aljihu in zai fita. Rana ce, in ji ta, da mutum yake ɗauke hannunsa daga duniya, ya bar ta yadda Mahaliccinta Ya yi ta. Kunya ta rufe ni. Mutum yana cikin ibadarsa, ni ina tsaye ina yi masa lissafin ƙiyayya. A jami'a za ki miƙa wa mutane abu su ƙi karɓa, za ki gayyace su su ƙi zuwa. Kafin ki ce raini ne, ki tambaya. Tambaya ba ta zubar da mutunci kamar yadda buga ƙofa yake zubarwa.

Na ajiye motar na ce zan raka su, tunda ba su san hanya ba. Muka bi ta Kornish, titin bakin teku, wanda aka hana motoci bi saboda gasar. Mamana, na yi shekaru ina tuƙi a titin nan, amma sai ranar na gan shi. Ruwan shuɗi ne a kwance kamar an shimfiɗa shadda, jiragen katako suna lilo a kansa, dogayen gine-gine suna ƙyalli a tsallake, ga mutanen duniya kowa da tutarsa da waƙarsa. A tsakiyarsu wani tsoho yana tafe aljihunsa ba komai, fuskarsa a sake kamar wanda aka sauke wa kaya.

Sai na lura Rahila tana rataye da jaka, har wayarta ta yi ƙara a ciki. Na ce, "Madam, ke fa?"

Ta ce, "Ni ina hawa mota ranar Asabar. A gidanmu haka na tashi."

Bakina ya riga hankalina, na ce, "To ke ba Bayahudiya ba ce?"

Ishaƙu ya fashe da dariya har sai da ya dafa ƙarfen bakin ruwa. "Tambayar da mahaifiyata ta yi ke nan ranar da na kai ta gida!"

Ita ba ta ji haushi ba. Muna tafe tana ba ni labari, a hankali, irin yadda malami yake yi wa ɗalibin da yake so. Ta ce kakanninta a Turai sun daɗe a unguwanni na daban, da malamansu da dokokinsu, ba mai tambayar dalili. Tun a lokacin wani ɗansu mai sana'ar goge gilashin hangen nesa ya ce Ubangiji ba sarki ba ne da ke zaune a wajen halitta, Shi da halittar abu guda ne, littafinsu mai tsarki kuma a karanta shi yadda ake karanta kowane tsohon littafi, a tambayi wa ya rubuta, yaushe. Suka kore shi daga cikinsu, amma maganarsa ta ƙi fita. Da aka buɗe musu ƙofofin jami'o'i, samarinsu suka tarar da sabuwar falsafa mai cewa komai sai an ɗora shi a ma'aunin hankali. Wani babban masanin Jamus, wanda ba Bayahude ba, ya ce hankali ba zai iya tabbatar da samuwar Ubangiji ba, ba kuma zai iya ƙaryata ta ba, abin da mutum ya tabbata da shi shi ne muryar da ke ce masa daga ciki ya yi daidai. Yahudawa da yawa suka ce ai wannan shi ne zuciyar addininsu: Ubangiji ɗaya da adalci. Sauran dokokin abinci da na Asabar riga ce, ana iya sake mata ɗinki. Suka rage tsawon addu'o'i, suka riƙa yin su da harshen ƙasar da suke. Gidan su Rahila ke nan. Wasu kuma suka ce a'a, za su shiga jami'a su karanta komai, amma ko zare ɗaya ba za su cire ba.

Ishaƙu ya ce, "Ita ta ce riga ce. Ni na ce fata ce. Mun kwana biyu muna wannan gardama, 'ya'yanmu har sun yi furfura."

Ni dai a raina na riga na yanke hukunci. Na ce ga abin da Baffanki yake faɗa a fili: shi bai yi zurfin karatu ba ya tsira da addininsa, ita ta karanta falsafa ta rasa nata. Na ajiye shi a dama, na ajiye ta a hagu, na ji daɗin kaina. Kuskurena ke nan na gaba, kuma bai kai yamma ba.

Da suka shiga gidan abokansu na nemi masallaci na yi azahar, na jira la'asar, sannan muka kamo hanyar dawowa. Na ga Rahila tana ɗingishi, gwiwarta tana damunta. Na ce, "Madam, tunda ke dokar ba ta hana ki ba, bari mu fita babban titi in tare miki tasi."

Ta ce, "Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa barinsa ya yi tafiyar Asabar shi kaɗai ba."

Na ce, "Alhali ba ki yarda ba?"

Ta ce a cikin masanansu na baya-bayan nan akwai wanda ya koyar cewa Ubangiji ba abu ba ne da za a ɗora a tebur ana bincike, wanda ake kira ne, a ce da Shi "Kai". Wani kuma ya ce inda mutum yake fara jin umarninSa shi ne a fuskar ɗan'uwansa, fuskar da take kallonka tana neman kar ka cuce ta, kar ka bar ta. Ta ce, "Ni ban san ko Ubangiji Ya damu da mota ba, Lawan. Amma duk Asabar ina kallon fuskar mutumin nan, sai in ji an umarce ni in bi shi. Ban san sunan da zan ba Mai umarnin ba, in ba sunan da shi yake kiranSa da shi ba."

Na san littattafan soyayyar da kike ɓoyewa ƙarƙashin filo, Ummanki ba ta ɓoye mini komai. Ban sani ba ko a cikinsu akwai wadda ta yi shekaru tana taka ƙasa da gwiwa mai ciwo saboda dokar da ba ta gamsu da ita ba. Kar ki yi saurin raba mutane gida biyu, masu imani da marasa shi. Abin da ke cikin ƙirji Mai shi kaɗai Ya san nauyinsa.

Muka zauna a wani benci don ta huta. A nan ta gaya mini abin da ya fi girgiza addininsu fiye da duk littattafan falsafa: kisan da aka yi wa miliyoyinsu a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu. Mahaifiyarta ta tsira, 'yan'uwan mahaifiyar ba ko ɗaya. Bayan haka malamansu da masanansu suka tsaya gaban tambaya guda: ina Ubangiji Yake sa'ad da ake wannan? Wasu suka ce daga ranar ba za su iya yarda da Ubangijin da ke juya tarihi ba. Wasu suka ce Yana nan, fuskarSa Ya ɓoye. Wasu suka ce ko ba amsa dole su ci gaba da addinin, don kar makasan su yi nasara sau biyu. Ta ce har yau ba a rufe maganar ba, ana koyar da ita, yara suna yi wa iyayensu ita a kan tabarmar cin abinci.

Ban san sa'ad da na ce, "'Yata ta taɓa yi mini irinta" ba. Na ba su labarin Inna da na wayarki.

Rahila ta ce, "Me ka ce mata?"

Na ce, "Na ce ta yi shiru."

Sai Ishaƙu ya dafa gwiwata ya ce, "Ya Lawan, yarinyar da ta tambayi me ya sa Ya ɗauke ta, ai ta yarda Shi Ya ɗauka. Wanda ya bar gida ba ya tsayawa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ni ma ina da irin tambayoyin nan, amma a cikin addu'a nake kai maSa su, don ban san wani wurin kaiwa ba."

Sai na tuna Annabi Yaƙubu, da ya rasa ɗansa bai ɓoye baƙin cikinsa ba, ga Allah ya kai kukansa. Abin yana cikin addinina tun ina yaro, amma sai a bakin teku na ji shi, daga bakin mutumin da na buga wa ƙofar mota da safe.

Aka kira magariba, na je na yi salla suna jirana. Da na dawo na tarar Ishaƙu ya ɗaga kai yana neman taurari, don sai uku sun fito Asabar take ƙarewa. Hasken gine-ginen Doha ya cinye sama, idonsa kuma ya yi rauni. Ashe ita ce take duba masa, tun da idon ya fara gazawa. Matar da ba ta yarda da dokar ba ta tsaya ta kare fuska da tafin hannu tana lalube sama da gaske, ni ma na taya ta. Can ta nuna saman ruwa, inda duhu ya fi, ta ce, "Ga su."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "A rayuwata ban tabbata da abubuwa da yawa ba. Wannan na tabbata."

Ya yi 'yar addu'arsa ƙasa-ƙasa, sannan ya tafa hannu ya ce, "Khalas, ta ƙare! Yalla, mu tafi, ya Lawan, ina motar nan da ka kusa karya wa ƙofa? Yau muna da wasa!"

Kar ki ɗauka daga ranar na zama mai hankali. Na koma ɗakinmu kaina ya cika da manyan maganganu, na tarar da Alhassan, ɗan Zangon Kumasi da muke kwana ɗaki ɗaya, yana jan carbi. Na ce, "Alhassan, ka san hankali ba zai iya tabbatar da samuwar Allah ba?" Ya dube ni ya ce, "Lawan, ka ci abinci kuwa?" Na ƙi bari, na yi ta jefa masa abin da ni kaina rabi na fahimta, har ya ɗauki dardumarsa ya fita baranda. Kwana da kwanaki yana gaishe ni a taƙaice. Abin da Rahila ta ba ni a hankali kamar mai miƙa ƙwai, ni na mayar da shi dutsen jifa. Za ki dawo hutu da kalmomin da Ummanki ba ta taɓa ji ba. Kar ki gwada kaifinsu a kanta, ko a kan Baffanki. Tsoron da yake ji ƙauna ce, kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya: Rahila da kanta ta ce akwai ɗalibanta da suka shiga tambaya ba su fito ba.

Don haka ki riƙe salla, Mamana, har a ranar da kanki ya ɗaure. Musamman ma a ranar. Ki bar goshinki ya riƙa zuwa ƙasa ko da hankalinki bai gama lissafinsa ba, zai tarar da shi a can. Ki nemi malamai na addininki masu faɗin ƙirji, don mu ma muna da magabatan da suka yi zurfi a irin wannan tunani ba su bar alƙibla ba. Ban ce addinin su Ishaƙu namu ba ne. Suna kan nasu, muna kan namu. Amma na ga mutanen da tambaya ta ratsa addininsu ɗaruruwan shekaru, ta raba su gida-gida, har yanzu suna ɗaga kai suna neman taurari tare. Ban dawo daga bakin tekun nan da ƙaramin imani ba. Na dawo ina jin girman Allah Ya fi ƙarfin a ce tambayar yarinya mai kuka za ta rage Shi.

Tun bayan tafiyarsu nake ɗaukar waya in gaya miki wannan, in kin ce "ya aiki" sai in ce "alhamdulillahi" in yi shiru. Kunyar nan da kike da ita ba daga Ummanki kika gado ta ba.

To ga amsar tambayarki, ko da ta makara. Ban sani ba. Ban san me ya sa Allah Ya ɗauki Inna ba na nan ba. Na san Shi Mai rahama ne, na san ta roƙe Shi ta gan ni, kuma na kasa haɗa biyun. Kullum a sujada ina kai maSa su haka a rabe. Ba ki yi saɓo ba a ranar. Kin yi kuka ne a ƙofar da ta dace, mai gadin ne ya kore ki.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum. Allah Ya buɗa miki karatu, Ya bar miki imaninki, Ya jiƙan wadda kika ci sunanta. Ki gaishe da Ummanki da ƙannenki.

Ranar da kika sauka, kika ajiye akwati, ki kira ni. Kar ki ce ina wuni, kar ki ce ya aiki. Ki fara da tambaya, kowace iri ce. Zan gangara gefen titi in kashe mota.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawan